Takun Sifiri da Haƙƙin Mai Tsaro a Ƙwallon Kwando

A daren 4 ga Disamba 2019, a birnin Salt Lake City na Amurka, LeBron James ya iso tsakiyar fili yana buga ƙwallo da ƙasa, sai kawai ya tallabe ta a tafin hannu, ya yi taku uku a natse kamar mai yawon shan iska, sannan ya ci gaba da bugawa. Bojan Bogdanović na ƙungiyar Utah Jazz, wanda yake tsare da shi, ya ɗaga hannuwa yana duban alƙalin wasa, amma babu wanda ya busa usur. Bayan an tashi, LeBron da bakinsa ya amsa cewa laifi ya yi. Bidiyon ya zagaya duniya, kuma har yau shi ne shaidar farko da ake gabatarwa duk lokacin da aka ce gasar NBA ta yi wa dokar hana tafiya da ƙwallo jana'iza.

Sai dai wannan shaida ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Abin da LeBron ya yi laifi ne a kowane kundin doka, tsoho da sabo. Alƙalai uku ne idonsu ya kauce a lokaci guda, kuma sakacin alƙali daban yake da lalacewar doka. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa ya faru ne shekara guda kafin nan, ranar 17 ga Disamba 2018, shi ma a wasa da Utah Jazz. Saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, James Harden na Houston Rockets ya ja da baya sau ɗaya, ya sake ja sau na biyu, ƙwallo na hannunsa, Ricky Rubio ya taɓa shi, aka ba Harden jifan kyauta uku. Daga baya hukumar gasar ta amince cewa tafiya da ƙwallo ya yi. To amma masu kallo da yawa, har da tsofaffin 'yan wasa, sun kasa faɗin abin da ya raba wannan da ja-da-bayan da Harden ya saba yi a kowane wasa, wanda doka ta halatta. Duka biyun a ido taku ne ya yi yawa. Bambancinsu yana ga amsar tambaya ɗaya, wato a wane lokaci ne ƙwallo ta zama mallakar ɗan wasa, har a fara ƙirga masa taku?

Matsayin wannan muƙala shi ne, takun da ake kira na sifiri, wanda ake ɗora wa alhakin lalata wasan, gyara ne da ya dace. Ɓarakar tana ga hannu. An bar ɗan wasa mai kai hari ya zama shi ne mai zaɓar lokacin da za a fara yi masa lissafi, kuma wanda ke biyan kuɗin wannan sassauci shi ne mai tsaro.

Asalin dokar

Lokacin da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a watan Disamba 1891 a makarantar horar da ma'aikatan YMCA da ke Springfield, jihar Massachusetts, damuwarsa ita ce ya samar wa samari wasan cikin ɗaki a lokacin hunturu wanda ba za su karairaya juna ba. Ya lura cewa a wasanni irin su ragbi ana kayar da mutum ne domin yana gudu da ƙwallo. Idan aka hana gudu da ita, dalilin kayarwa ya kau. Saboda haka doka ta uku cikin dokokinsa 13, waɗanda aka buga a Janairun 1892, ta hana ɗan wasa gudu da ƙwallo, ta ce ya jefa ta daga inda ya cafe ta. A cikin wannan dokar dai ya sanya rangwame ga wanda ya cafe ƙwallo yana tsaka da gudu, matuƙar ya yi ƙoƙarin tsayawa.

Abubuwa biyu ne za a tsinta a nan. Da farko, haramcin tafiya da ƙwallo yarjejeniya ce tsakanin ɓangarori biyu: an ɗaure hannun mai tsaro kada ya riƙe ko ya ture, an kuma ɗaure ƙafar mai ƙwallo kada ya ruga. Duk wanda ya sassauta ɗaurin ɗaya ya bar ɗayan, ya karya yarjejeniyar. Sannan kuma, tun ranar farko dokar ta san cewa jikin da ke gudu ba ya tsayawa cak kamar an taka birki. Rangwamen tsayawa ya girmi NBA, wadda sai 1946 aka kafa ta da wani suna, ya kuma girmi hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, wadda aka kafa a Janeba a 1932. Abin da aka kwashe shekaru fiye da ɗari ana yi shi ne neman ma'aunin wannan rangwame.

Ma'aunin da aka daɗe a kansa shi ne na ƙafar turke. Idan ɗan wasa ya riƙe ƙwallo yana tsaye, ƙafa ɗaya takan zama kamar turken da aka ɗaure dabba a jikinsa: ɗayar tana iya zagayawa duk inda ta ga dama, ita kuwa turken tana nan a wurinta. Yana iya ɗaga ta domin ya yi jifa ko ya miƙa wa abokin wasa, da sharaɗin ƙwallo ta bar hannunsa kafin ƙafar ta koma ƙasa. Idan kuwa bugawa da ƙasa zai fara, dole ƙwallo ta bar hannu kafin ƙafar turke ta ɗaga. Wannan sashe na dokar bai sauya ba, kuma a kansa aka gina mafi kyawun aikin ƙafa da wasan ya taɓa gani. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya fara da ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu kafin ya san kwando, da ƙafar turke ɗaya tak ya riƙa juya David Robinson a wasannin ƙarshe na yankin Yamma a 1995, a shekarar da aka ba Robinson kambun gwarzon gasa. Ba a buƙaci wani sabon taku ba kafin a yi wannan.

Matsalar ta taso ne ga wanda ya karɓi ƙwallo yana gudu, ko ya kammala bugawa yana kan hanyar kwando. A tsohuwar fassarar FIBA, wadda har yanzu dokar makarantun sakandaren Amurka take kanta, ƙafar da ke ƙasa a daidai lokacin da ya kama ƙwallo ita ce ta farko a lissafi, kuma ita ce turke da zarar ɗayar ta sauka. A takarda abin a tsare yake. A fili kuwa, ɗan wasan da ya taho da gudu zai jefa ƙwallo a kwando, sau tari ƙafarsa ta baya ba ta gama barin ƙasa ba lokacin da hannayensa suka rufe ƙwallo. Da an bi harafin doka, da an soke kwanduna marasa adadi waɗanda kowa ya ɗauka halal ne. Alƙalai sai suka riƙa kau da kai, kowa gwargwadon tunaninsa. Ke nan doka tana faɗin abu ɗaya, usur yana faɗin wani.

A 2009 NBA ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa mai gudu yana da taku biyu bayan kama ƙwallo. FIBA ta biyo baya da gyaran sashe na 25 na kundinta, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2017. Bisa ga wannan gyara, idan ƙafa tana ƙasa a lokacin da mai gudu ya mallaki ƙwallo, wannan ƙafar ba ta cikin lissafi. Takun farko shi ne wanda ya biyo baya, sai na biyu, sannan dole ƙwallo ta tafi kafin wata ƙafa ta sake sauka. Shi ne masu horarwa ke ƙirgawa da sifiri, ɗaya, biyu. Idan bugawa yake son farawa, dole ya saki ƙwallo kafin takunsa na biyu. Dokar ta kuma hana ya taka ƙasa sau biyu a jere da ƙafa ɗaya bayan ya mallaki ƙwallo, wato an hana shi tsallen langa.

Masu sukar wannan gyara suna cewa an halatta taku uku. A lissafin mai kallo gaskiya ne, ƙafa takan taɓa ƙasa sau uku. Amma sun manta cewa an daɗe ana barin wannan takun ya wuce, sai dai ana barinsa ne ga wanda alƙali ya ga dama, a kama wanda bai yi sa'a ba. Dokar da kowa ke karyawa, kuma alƙali ke zaɓar wanda zai hukunta a kanta, ta zama sanda a hannun son rai. Rubuta abin da ake yi a zahiri ya rage wannan zaɓe, ya kuma kusanto da wasan duniya da na Amurka, ta yadda ɗan wasan da ke gasar NBA ba ya buƙatar sake koyon tafiya duk lokacin da ƙasarsa ta kira shi. Takun Turai, wanda ɗan Lituweniya Šarūnas Marčiulionis ya shigo da shi NBA bayan zuwansa Golden State a 1989, kuma ɗan Ajantina Manu Ginóbili ya mayar da shi ruwan dare, taku biyu ne cif bayan kamu, ɗaya dama ɗaya hagu. Babu inda doka ta ce dole takun biyu su fuskanci alƙibla ɗaya. Wanda ya ga laifi a cikinsa idonsa ne bai saba ba.

Inda gizo ke saƙa

Duk wannan lissafi yana rataye ne a kan kalma guda, mallaka. Ɗan wasa ba ya yin laifin tafiya sai yana riƙe da ƙwallo. Kundin FIBA ya faɗa a fili cewa babu iyaka ga yawan takun da ɗan wasa zai yi matuƙar ƙwallo ba ta taɓe da hannunsa. Mai bugawa da ƙasa zai iya tura ƙwallo gaba ya bi ta da taku biyar. Wanda ƙwallo ta suɓuce masa ba da gangan ba zai iya bin ta ya sake kamawa, ba a ƙirga masa takun da ya yi a tsakani, domin a lokacin ba mallakarsa ba ce. Daga nan ne mafi yawan hayaniyar 'yan kallo take tasowa: suna ƙirga ƙafa tun daga bugun ƙarshe da ƙwallo ta yi a ƙasa, alhali doka tana ƙirgawa ne daga lokacin da aka kama ta.

Hatta manyan kundaye ba su yi ittifaƙi a kan iyakokin mallaka ba. Ɗan wasan da ya yi jifa ƙwallo ba ta taɓa zobe ko allo ko wani mutum ba, idan ya riga kowa kama ta, a NBA ya yi laifi. A FIBA kuwa, matuƙar alƙali ya gamsu jifan gaske ne, mallaka ta yanke tun da ƙwallo ta bar hannu, don haka kamun nasa sabo ne. Wanda ya faɗi ƙasa riƙe da ƙwallo, a makarantun sakandaren Amurka ya yi tafiya. A FIBA faɗuwa da zamewa halal ne, laifin shi ne ya mirgina ko ya yi yunƙurin miƙewa yana riƙe da ita. Waɗannan ƙananan saɓani ne, ana iya haddace su. Babban saɓanin yana cikin ɗan taƙaitaccen lokacin da ke tsakanin bugun ƙarshe da kamu.

A watan Satumba 2019 NBA ta yi ƙoƙarin toshe wannan kafa, ta sanya ma'anar kamu a kundinta, tana mai cewa bayani ne ta ƙara, ba doka ta sauya ba. Ga mai bugawa da ƙasa, kamu ya tabbata idan ya ɗora hannu biyu a kan ƙwallo ko ya bar ta ta tsaya a hannunsa, ko ya sa hannu ƙarƙashinta ya dakatar da ita, ko ya sami ikon da zai iya riƙe ta, ya sauya mata hannu, ya miƙa, ya jefa, ko ya rungume ta a jiki. Ma'anar ba ta da aibi a rubuce. Aibinta shi ne alƙalai sun fi dogara da ta farko, wato hannu biyu, saboda ita ce ido ke iya gani daga nesa. Ƙwararrun 'yan wasa kuwa sun gane haka. Sai ɗan wasa ya buga ƙwallo bugun ƙarshe da ƙarfi, ta taso, ya raka ta da hannu ɗaya a gefe tana juyawa, ƙafafunsa na cin ƙasa, ya jinkirta kawo hannu na biyu har sai ya kai inda yake so. A wannan tsakanin ya riga ya san ba zai sake bugawa ba, ƙwallon kuma ba ta da inda za ta je sai inda ya nufa da ita. A ma'ana ta uku ya mallake ta tuni. A idon alƙali kuwa bai kama ba tukuna, saboda haka sifirinsa bai ma fara ba.

Ga mutum kamar Giannis Antetokounmpo, mai tsawon mita 2.11, wannan jinkiri ba ƙaramin abu ba ne. Filin FIBA gaba ɗaya mita 28 ne, layin maki uku kuma mita 6.75 daga kwando. Na NBA mita 7.24 a inda ya fi nisa. Dogon ɗan wasa da aka bar wa taku ɗaya ko biyu kafin kamu, aka ƙara masa sifiri da ɗaya da biyu, ya shafe wannan tazara ba tare da ƙwallo ta sake ganin ƙasa ba. Wannan ba zargi ba ne ga Giannis. Akasarin abin da yake yi halal ne a fassarar da ake aiki da ita, kuma ɗan wasan da ya ƙi cin moriyar abin da alƙali ya bari ya cuci ƙungiyarsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, tunda kowa aka bar wa? Amsar tana wurin mai tsaro. Shi aikinsa karatu ne. Matuƙar abokin karawarsa yana bugawa da ƙasa, dole ya ba shi tazara, ya zauna a kan ƙafafunsa, domin mai ƙwallo yana iya bi ta ko'ina. Da zarar an kama ƙwallo, lissafi ya juya: saura taku biyu, bugawa ta ƙare, yanzu mai tsaro zai iya matsowa, ya tare hanya, ya shirya tsalle. Kamu shi ne alamar da doka ta ba shi domin ya san lokacin da zai ɗauki kasada. Idan aka bar mai kai hari ya dakatar da ƙwallo a gefen hannu na ɗan lokaci, yana kallon ƙafar mai tsaro, in ya matso ya sake bugawa ya wuce shi, in ya ja baya ya kama ya yi jifa, to an ba mutum ɗaya damar ganin katin abokin hamayyarsa kafin ya ajiye nasa. Shi ya sa laifin tallabe ƙwallo da laifin tafiya da ita, duk da suna sassa daban-daban a kundi, ciwo ɗaya ne. Alƙalin da ya daina kama tallabe ya rasa wurin da zai fara ƙirga taku.

A kan sami masu kare sassauci da sashe na 47 na kundin FIBA, wanda ya umarci alƙalai su yi la'akari da ruhin doka, su auna ko wani ya sami fifiko ko an tauye shi, kada su riƙa katse wasa ba gaira ba dalili. Umarni ne mai hikima, kuma ya dace da ɗan wasan da ya ɗan ja ƙafar turke a tsakiyar fili babu kowa kusa da shi. Amma wannan ma'aunin ne da kansa yake kama jinkirin kamu, domin babu fifikon da ya wuce rabin taku a gaban mai tsaro. Duk wasan ɗaya-da-ɗaya a kan rabin taku ake yin sa. Laifin LeBron da aka fara da shi, duk da muninsa a ido, bai ba shi komai ba. Ƙafar turken da ta ɗaga ƙiftawar ido kafin ƙwallo ta bar hannu, wadda ɗan kallo ba zai taɓa lura da ita ba, ita ce ke kai mutum kwando. Abin da ya fi ban dariya a bidiyo sau da yawa shi ne mafi ƙarancin illa a wasa.

Hujjar da ta fi nauyi ga ɓangaren sassauci ita ce ta iyawar ɗan Adam. Alƙali yana da ido biyu da suke kallon wuri ɗaya, ana kuma so ya ga hannu da ƙafa da kafaɗar mai tsaro a lokaci guda, cikin gudu. An koya masa cewa kada ya busa abin da bai tabbatar ba, kuma wannan koyarwa daidai ce, domin soke kwandon halal ya fi barin na shubuha zafi. Na'ura ma ba ta kawo ɗauki sosai ba: damar ƙalubalantar hukunci da NBA ta ba masu horarwa tun kakar 2019-20 ta shafi keta da fitar ƙwallo da taɓa ta a saman zobe, ba ta haɗa da tafiyar da ba a busa ba. Rahoton minti biyun ƙarshe da gasar ke fitarwa tun 2015 yana faɗin kuskure ne bayan an riga an rubuta sakamako, kamar yadda ya faru a batun Harden. Ihu ne bayan hari.

Amma wuya ba ta zama uzuri ba, tunda an ga abin da ke faruwa idan aka so. A farkon kakar 2022-23 alƙalan NBA sun matsa a kan tallabe da tafiya, har aka kama Jordan Poole na Golden State da laifin tallabe sau uku a wasa ɗaya da Miami Heat a watan Nuwamba 2022. Ba a sauya harafi ko ɗaya a kundi ba kafin a yi haka. Ashe ido yana gani idan an ce ya gani. Abin da ke hana ɗorewa shi ne lissafin kasuwa, domin gasar nishaɗi take sayarwa, kuma kwando ya fi usur farin jini. Wannan lissafi nata ne, tana da ikon yin sa. Abin da bai kamata ba shi ne sauran duniya ta ɗauki abin da kasuwar Amurka ta ƙyale a matsayin abin da doka ta ce.

Gyaran da ake buƙata bai kai sake rubuta sashe na 25 ba. A bar sifiri, ɗaya, biyu yadda suke. A koya wa alƙali ya fara da hannu, ya ɗauki tsayawar ƙwallo a hannu ɗaya a matsayin kamu kamar yadda ma'anar da aka rubuta ta tanada, ko hannu na biyu ya zo ko bai zo ba. Daga nan sai ya sauke ido ya nemi ƙafar da ke ƙasa. Inda alƙalai uku ne, babu dalilin da zai sa dukkansu su zuba ido a kan karon jiki a bar ƙafa babu mai gadi. Kuma hukuncin da aka yi a minti na farko a kan ɗan wasan da ba a sani ba, shi za a yi a minti na ƙarshe a kan tauraro. 'Yan wasa suna gyara ƙafarsu cikin 'yan makonni idan sun san usur ba ya sauya ra'ayi.

Wannan muhawara ta Amurka ce a asali, amma ta riga ta iso filayen Nijeriya ta wayar hannu. Gasannin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa da wasannin jami'o'i na NUGA da gasar BAL ta nahiyar Afirka, wadda aka fara a Kigali a 2021, duk da dokar FIBA ake buga su. Yaron da ke atisaye a Zariya, garin da Masai Ujiri ya taso ya koyi wasan, ko a Kano, gidan Kano Pillars, malaminsa na farko guntun bidiyo ne na daƙiƙa goma sha biyar, wanda aka zaɓo saboda ban mamakinsa. Bidiyon ba ya gaya masa wanne ne halal, wanne ne alƙali ya yi barci. Yakan kwaikwayi ƙafar, ya bar hannun, domin hannun ba ya ɗaukar hankali. Idan ya haɗu da alƙalin da ya koyi aikinsa kafin 2017 bai kuma sami bita ba, za a kama shi a kan takun Turai na halal. Idan ya haɗu da wanda shi ma bidiyon ne ya rene shi, za a bar masa tsallen langa. A duka biyun yakan bar filin bai san abin da doka ta ce ba, 'yan kallo kuma su huce a kan alƙali. Irin waɗannan wasanni sau da yawa alƙalai biyu ne ke hura su, babu kyamara, babu rahoton washegari.

Mai horarwa a irin wannan fili ba shi da ikon gyara NBA, amma yana da ikon tsayar da yaro a layin jifan kyauta, ya sa shi ya buga ƙwallo sau ɗaya ya kama, ya tambaye shi wace ƙafa ce take ƙasa lokacin da ƙwallon ta tsaya a hannunsa. Yawancin masu koyo ba sa iya amsawa a karon farko, domin ba su taɓa sanin akwai irin wannan lokaci ba. Sai a maimaita a hankali, da dama da hagu, yana furta sifiri da bakinsa a daidai inda hannu ya kama, kafin a bar shi ya ƙara gudu.